Kwabo Ɗaya a Sule

Ankara, 18 ga Janairu, 1959

Zuwa ga Gwaggona Mamunatu, Zangon Kumasi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Sanni. Yaya tarin nan nasa? Ki ce masa ni na ce ya rage zama cikin ƙurar katako a Anloga, ya bar wa masu jini a jika zarto. In kin sami mai zuwa Ejura a gaishe mini da 'yarki Barkisu da mijinta. Ni lafiya ƙalau, sai dai dokunun Ankara, tuwon masarar nan nasu, har yau bai kai kokonki ba.

Za ki ga takardar nan ba da hannu na rubuta ta ba. Keken rubutu na ofis na ara lokacin hutun rana, don ki ga abin da shekara shidan da na yi a ɗakinki ina zuwa makaranta suka haifa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san aikina bai wuce buga abin da manya suka rubuta ba. Makon jiya wata takarda ta biyo ta hannuna. Ana shawarar a sa haraji a kan kayan da mutane ke saye, ƙasa duka: sukari, sabulu, kananzir, yadi, madarar gwangwani, kusan komai na kanti. Kwabo ɗaya a kowane sule. Ni dai na ga dabara ce mai kyau. Ba mai zuwa ƙofar gida yana yi wa mutum tsawa kamar na lampo, ba mai ɓuya a bayan randa. Mai kuɗi da talaka kwabo ɗaya za su biya, ba a fifita kowa. Da shi za a ƙara makarantu da asibiti, da famfo, ku huta da layin nan da kuke yi tun asuba. Kwabo ɗaya ne kawai, Gwaggo, ba za ki ma ji fitarsa ba.

Amma tun da azumi ya kusa, kuma sana'arki ta koko da ƙosai ba ta yiwuwa sai da sukari da mai, na ce bari in yi miki raɗa. In da hali ki ɗan sayi na ajiya a hankali, ko da abin zai tabbata.

Maganar nan ta ofis ce. Don Allah kada kowa ya ji.

Ɗanki,
Rafi'u

*

Zango, 27 ga Rajab

Da sunan Allah. Zuwa ga ɗana Rafi'u.

Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Muna nan da godiyar Allah. Babanku yau kwana goma sha biyu bai je Anloga ba. Ya ce yana gaishe ka, ya kuma ce ƙurar katako ba ta taɓa kashe kafinta ba, yunwa ce ke kashe shi.

Takardarka ta iso. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Rafi'u, yaushe ka ga na karanta rubutun Turawa? Ajami mahaifina ya koya mini, shi na koya maka a kan allo a tsakar gidan nan. Hankalina ya tashi, don na ga takarda mai kama da ta gwamnati, na ce ko kamun ka aka yi. Sai na ɗauki mayafi na nufi kantin Hussein, tsohon sojan nan na bakin layi, da yake ya koyi boko a bariki.

Mata biyu na tarar suna sayen ashana, da wani ɗan kayakaya mai dako yana hutawa a bakin ƙofa. Hussein ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi, kamar mai shela. Da ya zo wajen haraji ya sassauta, ya koma baya ya maimaita. Na ce, "Me yaron ya ce?" Ya ce, "Ya ce an yanke shawara, za a sa haraji a kan komai kafin azumi." Da ya kai ƙarshe ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya kuma ce kada kowa ya ji." Matan suka dubi juna. Da ka sa wannan a farko, ɗana.

Washegari na je sayen sukari, Hussein ya ce ya ƙare. Ni da na ga katan-katan a bayansa jiya. Bayan kwana uku sukari ya dawo, da sabon kuɗi. Daga layinmu abin ya tsallaka unguwar Asawase. Jiya mai man gyaɗa, wadda a gidanta take matsa shi da hannunta, ta ƙara mini taro a kwalba. Na ce, "Ke kuma wane haraji ya same ki?" Ta ce, "Sabulun da nake saya ya same ni."

Ka ce in sayi na ajiya. Da me? Abin da na samu da safe, kafin magariba ya koma kasuwa, ya zama gero da wake na gobe. Masu ajiya su ne masu abin ajiyewa.

Ka kuma ce mai kuɗi da talaka daidai za su biya. Na kwana biyu ina juya wannan magana. Alhajin da muke haya a gidansa lorinsa uku suna kai goro arewa. Cikinsa ɗaya ne kamar nawa, jikinsa ɗaya ne da zai wanke. In ya sami fam ɗari, goma zai kai kanti, sauran ya zama bulo ko wata lori, harajinku bai gan shi ba. Ni kuwa ba kwabona ɗaya da ba ya bi ta hannun mai kanti. Shi an taɓa masa gefen riga, ni an kama ni gaba ɗaya. Wannan ne daidai? Ni ban yi makaranta ba, ka tambayi manyanku, wataƙila akwai abin da ban gane ba.

Wannan kwabon da ka ce ba zan ji fitarsa ba, shi ne ƙosai biyu da nake ƙara wa lebura in na ga idonsa ya faɗa.

Ban rubuto don in ɓata maka rai ba. Na san alheri ka nufa. Ka riƙa rufe ƙirjinka in za ka fita da sassafe, an ce iskar teku ba ta da kirki.

Gwaggonka,
Mamunatu

*

Ankara, 21 ga Fabrairu, 1959

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Allah ya ba shi lafiya. Ga shi na koma ajami, ki yi haƙuri da hannuna, ya daɗe bai riƙe alƙalamin kara ba.

Gwaggo, ban rubuta an yanke shawara ba. Ana shawara na ce. Ban kuma ce kafin azumi za a sa ba. Takarda ce a kan tebur, ba ta ko je gaban majalisa ba. Ko Hussein karatunsa ne bai nuna ba, ko kuwa ya karanta abin da zai amfane shi, Allah ya sani.

Kin san abin da ya biyo baya? Wani ɗan kasuwa ya taso daga Kumasi har ofishinmu yana tambayar ranar da haraji zai fara. Babban akawu ya tara mu mu bakwai, ya rufe ƙofa. Ya ce takardar nan hannu huɗu kaɗai ta bi, kuma a cikin huɗun mutum ɗaya ne ɗan Kumasi. Bai kira suna ba, amma ni yake kallo. Shekara biyu na yi ina yawo da takardun makaranta a hammata kafin in sami kujerar nan. Akwai masu karatun da ya fi nawa, waɗanda tun farko ba su so ganin ɗan Zango a kanta ba.

Da kin ajiye takardar har wani na gida ya zo. Na ɗauka ko duniya za ta tona mini asiri, ban da ɗakinki.

Game da lissafinki, ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma ƙasa sabuwa ce, Bature ya tafi, asibitin da Baba zai je ba da addu'a ake gina shi ba. Dole kuɗin ya fito daga wani wuri.

Zan ɗan dakata da rubutu har ƙura ta lafa, don ina jin ana duba wanda nake aika wa takarda. Kada ki aiko ta ofis. Ki aiko ta hannun mai gidan da nake haya.

Rafi'u

*

Zango, 15 ga Azumi

Da sunan Allah. Ɗana Rafi'u,

Barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadarmu. Ni jikina da sauƙi. Babanku ne dai.

Na karanta takardarka sau ɗaya na sa ta a ƙarƙashin tabarma. Ban iya sake buɗe ta ba. Mahaifina da kakanka ciki ɗaya suka fito. Ranar da aka kawo ka daga Yeji bayan rasuwar ubanka, da ɗan ƙunshin kayanka a ka, ban tambayi kowa ko zumuncin ya yi nisa ba. In na tona maka asiri, jahilci ne ya tona, ba zuciyata ba. Ka yafe mini.

Nan ma ina biyan nawa. Zango duk ya ɗauka cewa ɗan Mamunatu ne ya kawo tsada. Ran nan a bakin famfo Mamuna, ƙawata ta shekara ashirin, wadda ta yi mini wankan jego na Barkisu, ta janye bokitinta daga kusa da nawa. Ta ce, "Ku da kuke da ɗa a Ankara ai kun cika ɗaki da sukari tun kafin mu ji." Na ce, "Zo ki duba ɗakin." Ta ce, "Wa zai nuna wa mutum inda ya ɓoye?" Na ɗauki ruwana na taho, rabinsa ya zube a hanya.

Na rage girman ƙosai don kada in ƙara kuɗi. Leburorin da ke tsayawa wurina kafin su wuce tasha sun lura. Wani Bafrafre da ya shekara biyar yana karyawa a gabana ya ɗaga ƙosan ya duba, ya ce da irin Hausarsa, "Mama, ka yi fushi da mu ne?" Yanzu garin rogo yake jiƙawa da ruwa, ya ce shi ya fi zama a ciki. Ban ga laifinsa ba. Shi ma ladansa bai ƙaru ba, mai ɗaki da mai sabulu ne suka ƙaru. Azumi kuma ya zo, masu koko da yamma sun yi yawa, kowace mace da miji ya gaza ta fito da tukunya.

Na kai Babanku asibiti. Likita ya ce huhu ne. Ya ce allura, da madara kullum, da ƙwai, da hutu. Allurar farko mun yi da tasoshin aurena, na kai su kasuwar Kejetia wata Batoniya 'yar Asante ta saye. Madara kuwa gwangwani ɗaya nake raba masa kwana uku, ina ƙara ruwa har sai ta koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ya sani. Sai ya kurɓa ya ce, "Kai, yau saniyar ta yi ƙoƙari." Sai mu yi dariya, tari ya kama shi.

An hana shi azumi, ya ƙi. Ya ce tun da abincin rana babu, gara a rubuta masa lada.

Ba kuɗi nake roƙo ba, na san albashinka da hayar Ankara. Abu ɗaya ne. Kullum in ya ji tsayawar mota a bakin layi sai ya ce in duba ko kai ne. Ka zo Sallah, ko kwana ɗaya ne. In kana fushi da ni ka sauka wurinsa, ni zan ba ku wuri.

Gwaggonka,
Mamunatu

*

Zango, 11 ga watan Ƙaramar Sallah

Da sunan Allah mai rayawa mai kashewa.

Rafi'u, ina gaishe ka. Ban ji daga gare ka ba. Ina fata lafiya ce ta hana.

Babanku ya rasu ranar Juma'a da hantsi, kwana bakwai bayan Sallah. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ranar Idi ya sa na ɗauko masa rigarsa, ya zauna a bakin ƙofa a kan kujera har la'asar. Bai ce kai yake jira ba, ni ma ban ce ba. Daga ranar bai sake tashi ba. Bai sha wuya sosai a ƙarshe ba. Ya yi kalmar shahada da bakinsa.

Kafintocin Anloga sun zo da yawa, har da waɗanda ba Musulmi ba, suka tsaya daga waje har aka gama salla. Su suka haɗa aka sayi likkafani. Alawayyon ma ya tashi. Mai yadi ya ce saboda harajin da ke zuwa ne. Na ji shugaban kafintocin yana cewa a tsakar gida, "To, har mutuwa ma an sa mata."

Barkisu ta zo daga Ejura, za ta yi kwana arba'in. Na shiga takaba. Ka yi masa addu'a.

Mamunatu

*

Ankara, 22 ga Afrilu, 1959

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da jiki. Allah ya sa takardar nan ta tarar ya sami sauƙi.

Gwaggo, ki yafe mini. Tun farkon azumi aka tura ni Takoradi in taimaka a ofishin tashar jirgi, ina jin don a nisanta ni ne. Jiya na dawo, mai gida ya miƙo mini takardarki ta azumi, ta yi wata guda a kan tagarsa. Na karanta na zauna a ƙasa. Maganar da na faɗa miki ta tona asiri, tsoro ne ya rubuta ta, ba ni ba. Ni ne na aiko miki da abin da ba za ki iya karantawa ba don in burge ki. Laifin daga nan ya fara.

Amma ga albishir. An ajiye takardar harajin nan. Yau da idona na ga an ɗaure ta da jan zare an kai ɗakin ajiya. Manya sun ce lokacinta bai yi ba. Ba a kore ni ba kuma. Kafin a tura ni ma, wani daga cikin manyan ya tambaye ni yadda mutanenmu za su ɗauki abin, sai na ba shi misalinki na Alhaji mai lori, ban faɗi sunanki ba. Ya rubuta wani abu a gefen takarda. Ban ce shi ya sa ba, amma na so ki sani maganarki ta shiga ɗakin da ni kaina sai an kira ni nake shiga.

Ki je ki gaya wa Hussein, ki gaya wa Mamuna a bakin famfo kowa yana ji: babu haraji. Yanzu kaya za su sauko.

Na ba direban lorin da zai kawo miki wannan ƙunshi. Akwai madara gwangwani goma sha biyu, da maganin ƙarfin jiki da wani ma'aikacin asibiti ya ce yana taimakon masu huhu, da hula ga Baba. Ki daina ƙara ruwa. An yi mini alkawarin hutu a Babbar Sallah. Ki ce masa ya warke, ni da shi za mu tafi Idi a ƙasa, in riƙe masa buzu kamar da.

Ɗanki mai neman gafara,
Rafi'u

*

Zango, 9 ga Zulƙida

Da sunan Allah. Ɗana Rafi'u,

Ina gaishe ka. Ina lafiya gwargwadon hali. Barkisu tana gaishe ka.

Takardunka biyu sun iso, ta albishir da ƙunshi, sannan wadda ka rubuta bayan ka ji, wadda ruwan idonka ya ɓata rabinta. Na gane takardunmu sun yi saɓani a hanya. Kada ka ce kai ka kashe shi. Ba ka isa ba, ni ma ban isa ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ban ɓoye maka ba, akwai ranakun da nake cewa da madarar ta ishe shi, da an yi allura ta biyu, da ya ga damina. Sai in yi istigfari.

Bai tafi da fushinka ba. Ana gobe zai rasu ya ce da ni, "Yaron nan tsoro ya ji. Mu ba mu taɓa samun abin da za mu ji tsoron rasawa ba, shi ya sa ba mu gane ba."

Mamuna ta zo ranar uku. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta shiga ɗaki ta ga abin da ke ciki da abin da babu. Ta fito ta zauna kusa da ni tana kuka. Tun ranar ita ke yi mini cefane, tun da ba na fita.

Ita na aika wa Hussein da albishir ɗinka. Ta ce masa, "An fasa haraji, sai ka sauke kaya." Ya ce shi ma da tsada ya saro, in manyan kantuna sun sauke zai sauke. Yau kwana ashirin. Ba abin da ya sauko, ko ashana. Mamuna ta ce mutane sun ma daina magana, sun saba. Ka ga, ɗana, mun biya harajin da ba a sa ba, gwamnati kuma ba ta ga ko kwabo ba, balle famfo. In wata rana aka kwance jan zaren nan, kana kusa, ka faɗa musu su fara zuwa su ga tukunyar da za a ɗiba.

Madarar na ba matar wani lebura a bayan gidanmu, mijinta irin tarin ne da shi. Hular tana nan, Barkisu ta ce a ba ka, kai za ka sa.

Ba zan koma sana'a ba. Kaskon suya da tukunyar koko na bar wa Mamuna. Alhaji ya yi mini kirki, ya ce in zauna har in fita takaba ba tare da ya tambaye ni komai ba, amma ya riga ya yi wa wani alkawarin ɗakin. Mijin Barkisu ya ce in koma wurinsu Ejura. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin nan. Ban san kowa a Ejura ba sai 'yata.

Ka zo Babbar Sallah kamar yadda ka ce. Kafintoci za su kai ka ka ga inda aka sa shi, don ni ban sani ba. In hutun bai samu ba, takabata za ta ƙare sha takwas ga Safar. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin nan, ka same ni a gida. Bayan haka in ka ƙwanƙwasa, wani ne zai buɗe maka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka kujerarka.

Gwaggonka,
Mamunatu